Doki ba linzami

Wasan Rome: Total War yana da wata ƙa'ida da ban taɓa jin wani a fadarmu ya yi mata gardama ba, ni kuwa ta daɗe tana ci mini rai. Idan ka sa shi sabo a kwamfuta, ba ka da zaɓi sai ka zama Barume. Gidaje ukku aka ajiye maka, masu jar tuta, masu tsanwa da masu shuɗiya, kuma dukansu Rumawa ne. Kana son ka riƙe Kartaji, ko Masar, ko Fartiya? To sai ka fara ɗaukar rundunar Rum ka shafe su daga taswira, ko ka cinye wasan gaba ɗaya, sannan a buɗe maka su. Wato ba a ba ka izinin sa rigar mutum sai ka kashe shi tukuna. Akwai kuma wasu al'ummu takwas da ko sau goma ka kashe su ba za a buɗe maka ba. Suna nan da garuruwansu da sarakunansu da tutocinsu, amma an yi su don a ci su da yaƙi, ba don wani ya zama su ba. Numidiya tana cikin takwas ɗin, kuma ita ce ta fi kusa da mu a taswirar: arewacin Afirka, wajen Aljeriya ta yau, bayanta jingine da Sahara. In da an ƙara wa taswirar tsawo ta kudu, da ka bi rairayin nan har Abzin, daga nan ka gangaro Dakoro.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Creative Assembly na Ingila ne ya fitar da shi a 2004, lokacin da yawancinmu ba mu daɗe da fara tafiya ba. Tsufansa ne ya sa ya zama namu, don yana tafiya lafiya a kan tsohuwar ordinatar da yayana ya bar mini, wadda batirinta ba ya kai minti arba'in in an ɗauke kuran. A kile na kawo shi daga Yamai wani hutun ƙarshen shekara. Wasan hawa biyu ne. A sama akwai taswira, inda kake gina gari, ka karɓi haraji, ka aurar da ƴaƴan gidan sarauta, ka tura runduna. Kowane juyi wata shidda ne, ana farawa daga shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Idan runduna biyu suka haɗu sai a sauko da kai fagen daga, ka ga mutum dubbai, kai ne mai cewa wa zai tsaya, wa zai zagaya. Runduna ɗaya ba ta wuce rukuni 20. Kuɗin wasan dinari ne, sunan da Larabawa suka ara daga Rumawa, mu kuma muka aro daga Larabawa muka mai da shi zinariya. Ku yi haƙuri, ɗalibin ilimin harshe ba ya wuce kalma bai ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta ba.

Inji ɗaya ne, mu kuwa mu biyar ne ko shidda a bakin shayi, saboda haka kowa yana da nasa yaƙin a ajiye, in layi ya zo kansa ya hau, sauran su zama ƴan kallo masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Da muka ga cin nasara kawai ya fara gundura, don injin ba shi da wayo sosai, sai muka kafa dokoki. Ta farko: ba a ta da matacce. In an kashe maka yarima, ya mutu, babu komawa ga abin da ka ajiye jiya. Ta biyu ita muke kira shiga riga: duk al'ummar da ka ɗauka, da halinta za ka yi mulki, da irin makamanta za ka yi yaƙi, kuma kafin a gwabza sai ka yi wa mutanenka jawabi da bakinka, da Hausa, don janar ɗin cikin wasan ma haka yake yi da Turancinsa.

Mai riƙe mana Rum ɗalibin shari'a ne, kuma wallahi rigar ta zauna masa. Yaƙin Rum yaƙin mai haƙuri ne da aljihu. Ka jera dakaru sahu-sahu, su jefa masu in an matso, su zare gajeren takobi, sahun gaba ya gaji na baya ya karɓa. In kibau sun yi yawa su haɗa garkuwa sama da gefe su zama kunkuru. Majalisar dattawan Rum tana aiko maka da takarda, je ka toshe tashar jiragen wane kafin juyi kaza, ka yi a ba ka lada, ka ƙi a ɓata maka suna. Abokin namu yana karanta takardun nan da murya irin ta farfe ranar bikin ƙasa, ba ya kai hari sai ya ce an karya yarjejeniya, ko da shi ne ya tsokano. Girkawa kuma shingen ƙaya ne mai tafiya: dogayen masu a gaba, ba abin da ke shiga ta fuska, amma a zagayo ta gefe ko ta baya sai ka ji tausayinsu. Wanda ya ɗauke su yakan ƙare a bakin gada ko ƙofar gari yana jiran a zo, har mu ce masa mai gadi.

Ranar da aka yi rabon riguna, da wasa aka yi shi, irin wasan da kuka sani. Aka ce ɗan Fulanin cikinmu, wanda danginsa ke wajen Bermo, shi ne Fartiya, tunda mutanen baka ne masu harbi suna tafiya. Aka ce wa Buzun cikinmu ya jira a samo masa masu raƙuma. Ni kuma aka ce, kai Bagobiri, ga Jamusawan daji can, masu ihu kafin su afka, ba dabara sai zafin kai, ku kuka dace. Kowa ya yi dariya, har da ni, don taubasantaka ce, kuma wanda ya faɗa Bazabarme ne, yana da wannan haƙƙin a kaina. Amma ban karɓa ba. Na buɗe wani fayil da ake kira descr_strat.txt, inda sunayen al'ummu suke a jere, na ɗauke sunan Numidiya daga jerin waɗanda aka hana na mai da shi jerin waɗanda aka yarda. Aikin daƙiƙa goma. Iyakar katangar ke nan. (Na ji an ce a sabon bugun da aka gyara a 2021 an buɗe kowa, amma wannan ya fi ƙarfin injinmu.) Buzun ya dube ni ya ce, "Kai hwa ka sace mini kakanni."

Numidiya a wasan nan talauci ce mai faɗi. Garuruwanka ƴan kaɗan ne, tsakanin wannan da wancan tafiyar shekaru, daga Tanja a bakin teku ta yamma har Siwa a ƙofar Masar. Kartaji na gefenka da giwaye, Masar na can da dukiya, Rumawa masu shuɗiyar tuta kuma suna tafe ta ruwa ko ba jima ko ba daɗe. Dakarunka na ƙasa ba su da sulke, in suka tsaya gaba da gaba da sojan Rum minti biyu ya yi yawa. Abin da kake da shi guda ne: mahaya marasa nauyi masu jifa da gajerun masu.

Su waɗannan ba ƙirƙirar masu wasa ba ne. Marubutan Rum sun kwatanta su: doki ƙarami, ba sirdi, ba linzami, igiya ce kawai a wuya da ɗan tsumagiya a hannu, mahayin ba ya ɗauke da komai sai ƙaramar garkuwa da masu. Su Hanibal ya tsallaka da su Italiya, suna cikin waɗanda suka yi wa Rum ɓarnar Kana a shekara ta 216. Da sarkinsu Masinisa ya koma bayan Rum, ya zo Zama a 202 da mahaya 4,000, sai Hanibal ya sha kashi. Mutanen da wasan ya ce ba su isa a zama su ba, su ne suka karkata sikelin yaƙin da ya fi kowane girma a zamanin.

To yaya ake yaƙi da su? Ba a tsayawa. Ka raba mahayanka gida biyu, ka bi gefe da gefe, ka matso daidai inda mashi zai kai, ka jefa, in sun taso ka juya. Sojan Rum yana ɗauke da ƙarfe, in ya bi ka da gudu a rairayi sai ka ga alamar rukuninsa ta koma "sun gaji", daga nan "sun galabaita". Jifa ta dama ake yi ko ta baya, don garkuwa a hannun hagu take. Masu suna ƙarewa, saboda haka ba a ɓata su a kan ƴan share fage, ana ajiye su don manyan. Sirrin wasan gaba ɗaya shi ne ba sai ka kashe runduna ba, zuciyarta kake nema. Kowane rukuni yana da ma'aunin ƙarfin zuciya da ba a nuna maka da lamba, gajiya tana rage shi, ganin doki a bayanka yana rage shi, mutuwar janar tana kusan kwashe shi. Idan rukuni ɗaya ya karaya, tutarsa ta fara walƙiya da fari, na kusa da shi ma sai ya fara duban baya. A nan ne kawai kake afkawa. Yaƙi ɗaya yakan ci mini minti talatin, hannu na ciwo, shayi na biyu ya huce. A taswira ma haka: akwai lokacin da nake barin gari da gangan, in bar su su shiga, su bar rabin runduna tana gadi, sauran su biyo ni cikin hamada inda babu mai kawo musu ɗauki.

Ƴan kallo ba sa son wannan. "Gudu dai! Bagobiri da gudu? Ka tsaya mana a yi ta ta ƙare!" Mai Rum ya ce a dokance wannan ba yaƙi ba ne, fashi ne. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne kusan kalmomin da Salustus ya yi amfani da su ke nan a littafinsa na yaƙin Yugurta, jikan Masinisa, wanda ya wahalar da Rum shekaru da irin wannan salon har sai da surukinsa Bokus, sarkin Muritaniya ta da, ya bashe shi a 105. A wurin Salustus, Banumide mutum ne mai saurin juyawa, marar alkawari. Shi Salustus ɗin kuwa gwamna ya yi a ƙasar tasu, ya koma Rum da dukiyar da har ƙara aka kai shi a kanta. Wanda ya zauna a kujerata awa ɗaya zai gane cewa juyawar nan ba hali ba ce, lissafi ne. Ba ni da ma'adinin da zan sayi sulke, ba ni da yawan mutanen da zan yi asarar dubu in sake tara dubu. Ina da fili da doki. Duk wanda aka ba wannan jarin, in dai yana son ya kwana da rai, haka zai yi, ko sunan kakansa wa.

Ɗan Fulanin ya gane wannan kafin kowa, don shi ma da Fartiya abin da yake yi ke nan, sai dai shi yana da kibau da mahaya masu lulluɓe da ƙarfe har doki. Shi ya ba mu labarin Karhe, shekara ta 53, inda Surena da mahaya wajen 10,000 ya rusa rundunar Karasus mai ninkinsu huɗu, don ya tanadi raƙuma ɗauke da kibau, Rumawa suna jiran kibau su ƙare, ba su ƙare ba. Ya ce, "Ka ga, ba jarumta ta ci ba, guzuri ya ci."

Sunan ma abin dubawa ne. Girkawa sun rubuta su Nomades, kalmar da a harshensu take nufin makiyaya masu bin ciyawa, Rumawa suka ce Numidae. Amma masarautar Masinisa tana da babban birni, Sirta, inda Kusantina ta Aljeriya take yau, tana buga kuɗinta, tana aika wa Rum alkama jirgi-jirgi. Makiyaya masu rumbu ke nan. Suna da rubutu kuma. A Duga, cikin Tunisiya, an samu dutse mai harshe biyu, na Kartaji da nasu, na ɗakin da aka gina don tunawa da Masinisa, an rubuta sunansa da baƙaƙe zalla ba wasali, MSNSN. Wannan rubutun shi ne kakan tifinag da maƙwabtanmu suke zanawa a rairayi da jikin kayan azurfa har gobe. Da na nuna wa abokina hoton dutsen a waya, ya yi shiru yana bin alamomin da yatsa, da'ira nan, ɗigo can, wasu ya gane siffarsu. A cikin wasan kuwa ba ko harafi ɗaya. An haɗa Numidiya da Kartaji a buhu ɗaya, gininsu iri ɗaya, kuma ƙololuwar ci-gaban da aka tanadar mata, bayan ka sha wahala ka gina babban bariki, shi ne a ba ka dakaru masu kwaikwayon sojan Rum. Ladan wahalarka shi ne ka zama kofin wanda ya zo cin ka, kofin ma mai rauni.

Kada mu yi saurin zagin Turawa, mu ma muna da namu. Girkawa sun ce barbaros ga duk wanda maganarsa ta yi musu kama da bar-bar a kunne. Mu muna cewa mutum yana gwaranci, mun ɗauki sunan al'umma guda mun mai da shi sunan rashin iya magana. Muna cewa "yana yare", kamar Hausa ita ba yare ba ce. Fulani suna kiranmu kaaɗo, jam'i haaɓe, wanda ya shiga littattafan tarihi a matsayin Haɓe. Shi kuma wanda nake ta kira Buzu tun farkon rubutun nan, in ka tambaye shi zai ce maka shi Amajagh ne, harshensa Tamajaq, kuma kalmar da muke kiransu da ita asalinta ba ta kowa da kowa ba ce a cikinsu, ta wani rukuni ce na ƙasa. Yana amsawa don ya saba, kuma don ni ne. Kowace al'umma tana da jerin waɗanda ake zama da jerin waɗanda ba a zama, sai dai namu ba a fayil yake ba.

Inda wasan ya fi yin ƙarya, a ganina, ba a tufafi ba ne, ko da yake ya sa wa Masar kayan Fir'auna alhali a lokacin zuriyar Girkawa ke mulkinta. Ƙaryar ita ce hali ba ya canjawa. Numidiya ta juyin farko ita ce ta juyin ƙarshe, shekara kusan 300 tana jifa tana gudu. Ba sai na je Italiya in ƙaryata wannan ba, ga Birnin Lalle nan kusa da mu.

Gobirawa daga Abzin suka gangaro, Abzinawa suka matso su, suka zauna Birnin Lalle, suka ci gaba da matsawa kudu da yamma har a tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya ci Zamfara aka kafa Alƙalawa. Zamanin Bawa Jan Gwarzo, Gobir ita ce Rum ɗin yankin: birni mai ganuwa, haraji, barade masu sulke, ƴan lifidi da doki da mahayi duk a naɗe. A watan Yuni na 1804, a Tabkin Kwatto, Sarki Yunfa ya zo da wannan ƙarfin, har da Abzinawa a gefensa. Jama'ar Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansa, ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu ƴan baka ne a ƙasa. Masu nauyin ne suka karye. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a ciki.

Yanzu ku duba abin da ya biyo baya. Cikin shekara talatin, waɗanda suka ci da baka sun zama masu dawaki da lifidi, Muhammadu Bello yana gina ribaɗi a kan iyaka, garuruwa masu ganuwa don tsaro. Waɗanda suka rasa birane kuma, Katsinawan da suka kafa Maraɗi da Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan kashin da aka sha a Gawakuke a 1836, su suka koma masu hari: a fito da rani, a ratsa daji, a faɗa wa ƙauyukan ƙasar Katsina ko Zamfara, a kwashe, a juya kafin runduna ta taru. Sunan Ɗan Baskore na Maraɗi da wannan ya yi tashe. An yi musayar riguna ke nan tsakanin kaka da jika. Wanda ya ce mini Bagobiri ba ya gudu, wane Bagobirin yake nufi, na Alƙalawa ko na Tsibiri? Na Tsibiri ya san cewa tsayawa gaba da gaba an gwada ta a Gawakuke, sarki ma bai dawo ba. Kuma kamar Yugurta, yawancin abin da aka rubuta a kan yaƙoƙin nan daga alƙalamin waɗanda suka ci ya fito, Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi. Namu ɓangaren yana bakin maroƙa da tsofaffi, kuma tsofaffin suna ƙarewa.

Wani zai ce duk wannan a kan wasan yara? Ina jin da a wani gari nake da na yarda. Amma a Dakoro muke. Dokar 1961 ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba a noma, kuma kowa ya san gonaki sun daɗe da tsallake layin suna cin kwarin Tarka, don mutane sun ƙaru, ƙasar kudu ta gaji. Kowace kaka akwai maganar burtali da aka toshe, ko garken da ya shiga gona kafin a kwashe amfani. In abin ya tashi, ba ka jin ana cewa ciyawa ta yi kaɗan ko rijiya ta yi nisa. Abin da kake ji shi ne "ai halinsu ne". Bafillace ɓarna, Bahaushe haɗama, Buzu kaza. Harshen masu ƙera wasa ke nan sak, kowa da rukunin da aka rubuta masa tun fil'azal. Taubasantaka ma da waɗannan kalmomin take aiki, Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, har UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. Bambancin shi ne a taubasantaka duka biyun sun san riga ce, ana gama zagi a sha ruwa a kwano ɗaya. Matsalar tana farawa ranar da ɗaya ya manta.

Akwai wani allo da ke fitowa duk lokacin da ka ci gari a wasan. Zaɓi ukku: ka zauna da mutanen yadda suke, ka bautar da su, ko ka karkashe su. Na ukkun shi ya fi riba, kuma ba a ɓoye ba, ana nuna maka dinarin da za ka samu tun kafin ka danna. Gari in ya cika mutane yana yin ƙazanta da tawaye, musamman in al'adarsu ba taka ba ce, saboda haka duk wanda ya ƙware zai gaya maka ka rage su, gari ya yi shiru shekara ashirin. Mai Rum ya daɗe yana dannawa, yana cewa rigar ce ta sa, kuma ta fuskar tarihi bai yi ƙarya ba, abin da aka yi wa Kartaji ke nan a 146. Wani dare ya ci wani gari ya kai hannu, sai ɗan Fulanin ya aje kofinsa ya ce, "In ka danna wanga, ni na tashi." Aka ce haba, zane ne a gilashi. Bai yi gardama ba. Ya ce dai a gidansu ba a ambaton Toda da dare. Waɗanda ba su sani ba a cikinku su tambayi iyayensu: 1991, nan cikin jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, rikicin gona da kiwo, aka kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ba wanda ya sake magana sai ƙarar gawayi. Aka danna na farko.

Tun daga ranar doka ta ukku ta shigo, kuma ta ɓata mana wasa ƙwarai, gaskiya. Garuruwa suna tawaye, kuɗi ba sa isa, dole ka bar rabin runduna tana zaman gadi, ka rage haraji, ka rushe ɗakin bautar wasu ka gina naka ka jira shekaru kafin su saba da kai. Mai Rum har yanzu bai kai larduna 50 da ake bukata ba, yana ƙorafi cewa an ɗaure masa hannu alhali ni dokar ba ta taɓa ni ba, tunda ni ba na cin gari balle in rasa yadda zan yi da shi. Yana da gaskiya a nan.

Hutun da ya wuce muka fara wani aikin. Tunda sunayen rukunoni ma a fayil suke, muka ce bari mu mai da su Hausa, mu ga ko za a iya yin Gobir da Katsina da Abzin a kan ƙashin wasan. Ƴan baka, barade, ƴan lifidi, dakaru, Ƙaura, Ubandawaki, duk muka jera a takarda. Nan take gardama ta tashi a kan wace Gobir za a sa, mai ganuwa ko mai hari, don injin ba ya yarda al'umma ɗaya ta zama biyun a lokuta dabam, sai dai ta hau daga ƙaramin bariki zuwa babba. Ba mu warware ba. Abin da ya tsayar da mu ma bai kai wannan girma ba: haruffan wasan ba su san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, inda duk suke sai a bar rami. Mai Rum ya ce a cire ƙugiyoyin kawai, ai kowa zai gane. Na ce masa ya karanta da ƙarfi abin da zai fito a ƙarƙashin hoton babban janar ɗinsa. Ya karanta: Sarkin Yaki. Bazabarmen ya ce to, wannan sarautar ta kiran ƴan mata ai ta fi dacewa da shi, kuma sunan da ake kiransa da shi ke nan a fada har yau.